Takardar da Ta Sauke Agogo daga Mota

Mijin yayata direba ne, kuma tun kafin ya shigo danginmu sunansa na yanka ya ɓace a bakin mutane. Agogo kowa ke ce masa. Shekara ashirin da uku ya yi yana jan motar ma'aikata ta kamfanin tayil da ke bayan layin dogo, wata doguwar bas mai kujera hamsin da biyu, fara da ratsin shuɗi. Ƙarfe shida saura kwata yana tashar farko. Shida da minti biyar yana kwanar gidan mai. Bakwai saura minti goma hancin motar yana bakin get. Akwai matan da ba su taɓa ganin fuskarsa ba, amma da hon ɗinsa suke tashin yara su shirya makaranta.

Ba ya jiran kowa. Ni da nake ƙanin matarsa, kuma shi ya yi min hanya na samu aikin walda a kamfanin, sau biyu yana bari na a titi ina gudu da takalmi a hannu. Da na kai ƙararsa wurin Yaya, sai ya ce, "Auta, 'yar'uwarka na aura, ban auri lattinka ba."

Gajere ne mai kaurin wuya, kullum da ƙaramin tawul a kafaɗa. A kujerarsa akwai matashin da Yaya ta ɗinka masa, a ƙarƙashinta kuma ɗan burushi da yake share motar da kansa, don ya ce masu sharar kamfani shafa kawai suke yi. Shayi yake sha kamar ruwa, sukari cokali huɗu. Taba ya daɗe da dainawa, amma kafin ya daina ya yi shekara ashirin yana zuƙa. In ka ce masa ya rage maiƙo sai ya ce inji ba ya tafiya babu mai.

Amininsa bakaniken kamfanin ne, wani dogo siriri da ake kira Sifana. Wata ɗaya aka ɗauke su aiki. Kullum da rana suna kan benci ɗaya a rumfar gareji, kwano ɗaya a tsakaninsu, suna musun da ba ya ƙarewa. Sifana ya ce direbobi ne ke kashe mota, Agogo ya ce kanikawa ne ke binne ta.

Agogo yana da shekara hamsin da huɗu abin ya fara. Ofishin sufuri a bene yake, kuma duk yamma sai ya hau ya rataye mukulli. Wata rana ina saukowa na same shi a tsakiyar matakala, ya dafa ƙarfe da hannu ɗaya, ya sunkuya.

"Lafiya, Yaya Agogo?"

"Igiyar takalmi nake ɗaurewa. Wuce ka ba ni wuri."

Na wuce, amma na ga takalmin. Ba shi da igiya.

Bayan sati biyu taya ta yi faci muna hanyar komawa gida. Ya sauko ya kama aiki kamar yadda ya saba, ba ya son kowa ya taɓa masa kaya. Yana cikin ɗaure noti na huɗu sai ya saki ƙarfen, ya zauna a gefen kwalta, gumi na zubo masa kamar an watsa masa ruwa, fuskarsa ta koma toka-toka. Ya ce ji yake kamar an ɗora masa buhun siminti a ƙirji, haƙoransa na ƙasa suna tsami, hannun hagu ya yi nauyi. Minti biyar abin ya sake shi. Ya tashi ya kakkaɓe wando ya ce, "Iska ce," ya ƙarasa ɗaure tayarsa.

Mai kemis na layinsu ya ce olsa ce, ya ba shi wani farin ruwa mai kauri. Kwalba uku ya shanye. A ɗakin shan magani na kamfani kuma suka kwantar da shi, suka manna masa wayoyi a ƙirji, inji ya fitar da doguwar takarda mai zane kamar haƙoran zarto. Jami'in ya duba ya ce, "Baba, zuciyarka ta fi tawa." Agogo ya naɗo takardar ya zo yana nuna wa kowa.

'Yarsa ta fari ce ta ƙi yarda. Ma'aikaciyar jinya ce a sashen yara na wani asibiti, tana aure a can ƙarshen gari. Shi "Uwata" yake kiranta, kuma duk gidan ita kaɗai ke iya ce masa a'a ya yi shiru. Ta zo wata Asabar, ina gidan, ta ga ya ɗauko tukunyar gas daga bakin ƙofa zuwa kicin, tafiyar da ba ta fi taku ashirin ba, ya ajiye sau biyu.

"Baba, in ka zauna yana lafawa?"

"Yana lafawa mana. Shi ya sa na ce iska ce."

"Iska ba ta san zaune da tsaye ba, Baba. Kakanmu yana da shekara nawa ya rasu?"

"Hamsin da shida. Me ya kawo wannan maganar?"

"Me ya same shi?"

"Faɗuwa ya yi a bakin shagonsa. Kwana ne ya ƙare."

"To ni dai ba na son naka ya ƙare a kan sitiyari. Gwajin da suka yi maka a kwance kake, zuciyar tana hutawa, ba lallai ta nuna ba. Akwai hoton da ake ɗauka a ga jijiyoyin da ke kai mata jini, ko a buɗe suke ko sun cushe. Katin asibitin da kamfani ya ba ku yana ɗaukar nauyinsa. Ni zan nemo takardar."

Ya yi ta zillewa har wata guda. Yau mota za ta je sabis, gobe babu wanda zai karɓe shi. Daga ƙarshe ya yarda, ya ce don dai ta sakar masa mara.

Ni na raka shi, don Yaya ko warin asibiti ta ji sai jiri ya kwashe ta. An ce kada ya sha shayi tun jiya, abin da ya fi komai ɓata masa rai. Ɗakin jiran a ƙasan bene yake, sanyi kamar cikin firij, kujerun roba a jere an haɗe su da ƙarfe. Suka ba shi ƙwaya don bugun zuciyar ya sassauta, suka sa masa allura a gwiwar hannu suka bar ta a nan, suka ba shi wata riga mai igiya a baya wadda ta ƙi haɗuwa. Kafin su rufe ƙofa na hango injin: wani ƙaton farin zobe, da siririn gado da ke shigewa cikinsa.

"Yau mota ta hau rami," in ji shi. "Ka gaya wa Sifana an samu waɗanda suka fi shi kayan aiki."

Bai yi minti ashirin ba ya fito. Ya matso kusa da kunnena ya ce, "Auta, duba bayana da kyau. Na jiƙa?" Na ce a'a. Ashe ruwan da suka tura masa ta allurar, wanda ke sa jijiyoyi su fito a hoto, shi ne ya bi jikinsa da ɗumi tun daga maƙogwaro har ƙasa, ya ɗauka ya saki fitsari a gaban matar da ke kula da injin. Ya ce wata murya ce a cikin zoben ke ba shi umarni, riƙe numfashi, saki numfashi, "sai ka ce ita ta ɗauke ni aiki." Muka yi ta dariya har bakin titi, ya tsaya a wurin mai shayi ya rama bashin safe da kofi biyu.

Bayan kwana uku muka koma, har da 'yar tasa. Likitar mace ce, ba ta kai shi shekaru ba, mai magana a hankali. Ta juyo mana da allon kwamfuta. Ga zuciyar nan kamar dunƙulen hannu, jijiyoyi sun kewaye ta kamar saiwa. Ta ɗora bakin biro a kan ɗaya, ta bi ta har inda ta tsuke ta koma kamar zare, da wasu fararen ɗigo-ɗigo a gefe.

"Baba, wannan ita ce babbar hanyar jini ta gaban zuciya. Kitse ne ya taru a bangonta ya daskare. Kashi bakwai cikin goma ya toshe. In kana zaune, ɗan abin da ke wucewa yana isa. In ka hau bene ko ka ɗauki kaya, zuciya ta nemi ƙari ba ta samu ba, shi ne nauyin da kake ji."

Ya daɗe yana kallo. Sai ya ce, "Layin mai ne ya cushe. A tsaye inji na kaɗawa lafiya, in an zo hawa ya shaƙe."

"Ka fi ni iya bayani," in ji ta.

Ta ce an yi sa'a an gani da wuri. Za a fara da magunguna, sannan nan da sati shida a zura wani siririn bututu ta jijiyar hannu, a buɗe wurin, a bar ɗan ƙarfe mai kama da raga ya tokare shi. Ba yanka ba ne, kwana ɗaya ko biyu zai yi a gado. In komai ya tafi daidai, bayan 'yan watanni a sake gwada shi, yana iya komawa kan mota. Amma kafin nan kada ya ɗauki fasinja. Ta rubuta haka, ta buga hatimi.

Washegari a rumfar gareji Sifana ya goge hannu ya karanta takardar, ya mayar masa.

"Kada ka kai musu. Ka lallaɓa zuwa ranar, ka nemi hutunka na shekara, a yi maka aikin shiru, ka dawo."

"Sati shidan fa? In ci gaba da jan mutane?"

"Ka yi shekara ashirin da uku kana jan su, sati shida ne zai gagare ka?"

"Rai hamsin da biyu ne a bayana, Sifana, har da wannan sakaran." Ya nuna ni da haɓa. "In na faɗi a kan gadar layin dogo, wa zai taka birki? Kuma mutanen nan ba za su wulaƙanta ni ba. Ko madubi ban taɓa fasa musu ba."

"Kamfani ba shi da ƙwaƙwalwa, fayil gare shi," in ji Sifana. "Na dai gaya maka."

Da ƙafarsa Agogo ya hau benen ya kai takardar. Manajan ma'aikata ya tarbe shi hannu bibbiyu, ya sa aka kawo masa ruwa, ya karanta takardar sau biyu, ya ce, "Baba Agogo, irinku ne ginshiƙin wurin nan. Je ka huta, lafiya ita ce gaba da komai." Ya sa aka yi kwafi aka mayar masa da tasa. Agogo ya sauko ya bi ta gareji musamman don ya ce wa Sifana, "Ka ji kunya."

Kwana goma sha ɗaya bayan nan aka aiko masa da wasiƙa a cikin ambulan har gida. An gode masa bisa doguwar hidima, an kuma yi masa ritaya saboda dalilin lafiya, daga ƙarshen wata. A can ƙasa aka ce ya mayar da katin shaida, da rigunan aiki biyu, da katin asibiti. Ranar da likita ta sa za a yi aikin kuwa tara ga watan gobe ce. Kwana tara ne tsakani.

Ya ɗauka kuskure ne. Ya sa rigarsa mai kyau ya tafi. Maigadin get, mutumin da ya yi shekara goma yana zama a kujerar da ke bayansa, ya sunkuyar da kai ya ce sai ya cika takardar baƙi. Ya cika. Aka ce manaja yana mitin. Washegari aka ce ya yi tafiya. Rana ta uku sakatariya ta fito ta ce umarni ne daga sama, masu inshora ba sa yarda mai ciwon zuciya ya ja mota, kuma babu gurbi a wani sashe. Ya ce shi ba aikin yake roƙo ba, katin kawai a bar masa na kwana tara. Ta ce za ta isar. Shugaban ƙungiyar ma'aikata ya dafa kafaɗarsa ya ce ana kan maganar. Har yau ana kanta.

An yi masa ɗan taron sallama a kantin. Suka ba shi fulas ɗin shayi da takardar yabo a cikin firam, an rubuta shekara ashirin da biyu maimakon ashirin da uku. Na tafa tare da kowa. Wannan ba zan ɓoye ba: ina da 'ya'ya huɗu, na tafa. Washegari na tsaya a tasha kamar kullum, sabon direban da aka ɗauko ta hannun ɗan kwangila ya zo da lattin minti ashirin da biyar, muka shiga muka zauna, kuma duniya ba ta tashi ba. A kan matashin Yaya yake zaune.

Abin da aka sallame shi da shi bai kama ƙafar aikin ba a asibitin kuɗi. 'Yar ta kai takardunsa asibitin gwamnati aka sa sunansa a layi. Kiran farko suka je aka ce injin ya lalace. Na biyu aka ce likitan ya tafi kwas. A na uku shi ne ya ce ba inda za shi.

Daga nan aka bar jaki aka koma dukan taiki. Manaja ya yi masa nisa, 'yarsa kuwa ga ta kusa. Wata rana ta zo da ɗan akwatin roba mai gida bakwai, ta zauna a falo tana zuba masa ƙwayoyin kowace rana.

"Baba, ga na sati. Farin da safe, ƙaramin bayan cin abinci..."

"Sannu, Likita."

Ta ɗago kai. Bai taɓa kiranta haka ba.

"Da ƙafata na shiga ɗakin nan naku, da aikina, da mutuncina. Minti ashirin na fito ba ko ɗaya. Allura ta tono garma. Hankalinki ya kwanta?"

"Baba, hoton bai sa maka ciwo ba. Nuna shi ya yi."

"Wa ya aike shi? Da kin bar ni da iskata, da yanzu ina kan mota."

"Ko kana ƙarƙashin ƙasa."

Yaya ta ce, "Ke! Ubanki ne fa."

Ya tashi ya shige ɗaki ya ja labule. 'Yar kuma ta tsaya ta gama cika gidajen akwatin, ta ajiye a kan talabijin ta tafi. Tun daga ranar bai ƙara ce mata Uwata ba. In ta gaishe shi sai ya amsa kamar yadda ake amsa wa masu yankan wuta. A shekarar ta haihu, ya je ya ga jaririn, ya yi minti goma ya ce yana da uzuri. Maganin dai yana sha. Yaya ke ajiye masa kusa da kofi, shi kuma ya jira ta juya baya.

Zaman gida ya gagare shi. Ƙarfe biyar yake tashi kamar da, ya yi wanka, ya zauna a bakin ƙofa har ya ji wucewar bas ɗin a babban titi, ya duba agogon hannunsa ya yi tsaki. Yaya ta ce min abin da ya fi damunta ba faɗan ba ne, shirun ne, mutumin da da sai an roƙe shi ya yi shiru a ci abinci. Daga baya ya samu aiki a filin ajiye motoci na wata kasuwa: rigar leda mai ƙyalli, usur a wuya, yana nuna wa mutane inda za su tsaya. Wanda zai iya juya bas a lungun da keke ke shan wahala ya koma yana ce wa 'yan koyo, "Zo, zo, zo, ya isa." Wasu ko gilas ba sa saukewa su amsa gaisuwarsa.

A filin nan ya zama mai wa'azi a kan injin hoto. Duk wanda ya dafa ƙirji a gabansa sai ya ce, "Kada ka kuskura. Ba ya warkarwa, tonon asiri kawai ya iya." Mutane kuwa suna saurare, don ga shaida a tsaye da usur.

Shekara biyu da barinsa aiki, Sifana ya same mu a filin wata Lahadi da la'asar. Ya zauna a kan bulo ya ciro wata takarda daga aljihu. Ya ce wata uku ke nan in ya ja babban noti sai ya ji kamar an ɗaure masa ƙirji da igiyar jan mota. Ya je ɗakin shan magani, sabon jami'in da aka kawo ya ce bai yarda da abin ba, ya rubuta masa takardar zuwa ɗaukar hoton zuciya.

"Kai ka san hanya," in ji shi. "Me ka gani?"

"Saura nawa ka yi ritaya?"

"Wata goma sha tara."

"Yara nawa ke makaranta?"

"Uku."

"To kai da bakinka ka ce min kamfani ba shi da ƙwaƙwalwa. Na ƙi ji, ga ni. Ninke ta ka sa a aljihu. Ka lallaɓa watannin nan, ka fita da haƙƙinka cikakke, sannan ka je su ɗauki hoton har na hanjinka. Ni da aka ce kashi bakwai ya toshe, ba ga ni ina busa usur ba? Kai ko tumbi ba ka da shi."

Sifana ya yi dariya, ya juyo gare ni. "Auta, kai fa?"

Na san abin da 'yar yayata za ta ce da tana wurin. Na san Agogo yana tsaye ne saboda ƙwayoyin da yake haɗiya a ɓoye, waɗanda hoton ne ya sa aka rubuta masa, Sifana kuwa ko ɗaya ba ya sha. Amma na ce, "Manya sun yi magana." Iyakar abin da na ce ke nan.

Ya ninke takardar. Bayan kwana biyu na gan ta a gareji, an ƙunshe wasu ƙananan notuna a ciki.

Wata biyar ya ƙara. Wata Talata da hantsi ya shiga rami a ƙarƙashin bas ɗin zai juye mai. Direban ya dawo daga shan shayi ya yi ta yi masa magana ba amsa, ya ɗauka tsokana ce, har ya gaji ya leƙa. Yana zaune a ƙasan ramin, ya jingina da bango, man yana ta zuba a ƙasa kusa da bokiti. Ni aka fara kira, don shagon walda ne mafi kusa. Mu huɗu muka fito da shi. Likitan da ya duba shi ya ce zuciya ce.

Ni na kai wa Agogo labari a filin. Ya cire usur daga wuyansa ya sa a aljihu, ya bar wata mota tana ta hon a bayansa.

Da muka je gaisuwa, matar Sifana ta sa aka kira shi ciki. Na bi shi. Na ɗauka za ta zage shi, kuma da ta zage shi da ya fi sauƙi. Sai ta ce, "Baban yara ya gaya min kai ka kwantar masa da hankali. Da ya damu ƙwarai, abinci ma ba ya ci. Amma tun ranar da ya dawo daga wurinka ya saki jiki, ya ce ka ce ba komai. Watannin nan cikin walwala ya yi su. Allah ya saka da alheri, ka riƙe amana."

Agogo ya ce, "Amin." Muna fitowa ya dafa bango ya yi amai.

Sati uku bai je filin ba. Ran nan da safe ya ce in raka shi unguwa, bai faɗi ina ba, sai ga mu a gidan 'yarsa. Ta fito da yaro a hannu ta ga ubanta a falo, mutumin da rabonsa da gidan tun haihuwar yaron. Ta durƙusa ta gaishe shi, ya amsa. Bai ba ta haƙuri ba, ba irin mutanen da ke iya wannan ba ne. Ya yi ta kallon fanka, sannan ya ce, "Sunan nan nawa, yana layi har yanzu?"

"Sun cire, Baba. In an kira mutum bai je ba, cirewa suke yi. Kuma hoton ya tsufa, sai an sake."

"To a sake."

Ta miƙo min yaron ta shiga ɗaki. Ta daɗe, sannan ta fito idonta ja, riƙe da fayil. Ashe duk takardunsa suna wurinta, ko ɗaya ba ta ɓata ba.

Ita da mijinta suka ɗauki nauyin hoto na biyu. Wannan karon ba a yi raha ba. Likitan, wani dattijo mai tabarau, ya ajiye tsohon hoton kusa da sabo. Inda da zare ke wucewa yanzu da ƙyar ake ganinsa, kuma wasu jijiyoyi biyu sun bi sahu. Ya ce maganin ne ya riƙe shi zuwa yanzu, amma ɗan ƙarfen nan na kwana ɗaya ba zai ƙara yi ba. Sai an buɗe ƙirji, a ɗauko jijiya daga ƙafa, a yi wa jinin sabuwar hanya ta zagaye wuraren da suka toshe. Ya fara cewa, "Da an yi wancan a kan lokaci..." sai 'yar ta ce, "Mun sani, likita."

Aka sake sa sunansa a layi, layin da ya fi na da tsawo. Aka ce za a kira ta waya.

A kamfani kuwa, bayan rasuwar Sifana aka liƙa sanarwa a bangon kantin. Wai saboda kula da lafiyar ma'aikata, duk wanda ya haura arba'in da biyar za a yi masa hoton zuciya kyauta, sakamakon zai bi ta ofishin manaja. Mutane suka karanta suka wuce. Kashegari muka ga wani ya rubuta "rariya" da biro a ƙasan takardar, wato tace mu za a yi. Ni watan jiya na cika arba'in da shida, kuma an ba ni ranata.

Na samu Agogo a filin. Ya koma aikin, amma yanzu a zaune yake yi, a kan kujerar roba a bakin shiga, yana miƙa wa masu mota kati. Na nuna masa takardar, ya ƙi karɓa.

"Ni ka zo tambaya? Bakina ya riga ya ci mutum ɗaya."

"Ba ni da wanda zan tambaya, Yaya Agogo."

Ya miƙa wa mota biyu kati suka shige. Sannan ya ce, "Je ka wurin 'yar yayarka ta kai ka a ɗauka tun kafin ranarsu, a wani asibitin. In akwai abu, ka riga su sani, ka nemi magani tun katin yana hannunka. Amma ka je." Ya goge wuyansa. "Kuma kada ka ce mata ni na ce."

Na ce to. Har yanzu ban je ba, kullum sai in ce sati mai zuwa.

Shi kuwa wata na takwas ke nan yana jira. Ya rame, wuyan nan ya zube. Wayarsa tana aljihun gaban riga, ya ƙure mata ƙara, ba ya yarda cajinta ya sauka ƙasa da rabi, ko wanka da ita yake shiga. Yaya ta ce ya hana kowa kiransa da rana don kada a tare layi. Ina zaune a wurinsa wayar ta yi ƙara. Ya miƙe tsaye, ya gyara rigar ledar, ya yi gyaran murya, sannan ya danna ya kara a kunne ya ce, "Na'am, ranka ya daɗe, ni ne." Kamfanin waya ne, wata murya da aka naɗa tana tallar garaɓasar kira. Ya saurara har ta gama, ya mayar da wayar aljihu, ya zauna ya miƙa wa mota ta gaba kati.